Ranar da Tambarin Kakana Ya Hargitse a Fuskar Kwamfuta

Shekarun baya, lokacin da idon baffana bai gama rufewa ba, wani abu ya faru da ni a zauren gidanmu da ke Ƙofar Jatau. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya ɗan buga, daga baya kuma in kama dariya ni kaɗai.

Sana'ata ɗinkin hannu ce, aikin babbar riga. A gidanmu na buɗe ido na tarar ana yi. Boko kuwa a firamare na tsaya. Ina karatu, ina rubutu daidai gwargwado, amma in Turanci ya yi tsawo sai in ba masu shi hanya. Ga wanda bai san aikinmu ba, kafin allura ta taɓa riga sai mai zane ya shimfiɗa yadin ya zana shi da alƙalami da tawada, mu kuma mu bi layinsa da zare. Mai zanen gidanmu shi ne Baffa, ƙanin mahaifina.

Akwai wani tambari da gidanmu kaɗai ke yi. Tambari shi ne da'irar nan da ake ɗinkawa a ƙirjin riga da bayanta. Kowa yana yi, amma namu kakana ne ya fito da shi. Layi ɗaya ne tak, ya shiga ya fita, ya hau kansa, ya bi ta ƙarƙashin kansa, ya ƙulla dagi a tsakiya, har ya dawo inda ya taso ba tare da an ɗaga alƙalami ba. Rigar ƙarshe da ke ɗauke da shi gara ta cinye ta a cikin akwati. Mahaifina ya rasu. Sai ya zama babu inda zanen yake a duniya sai a cikin kan Baffa. Shi kuma hannunsa ya fara rawa, ba ya iya riƙe alƙalami, ga kuma yanar ido tana ta rufe masa gani.

Ni kuwa Allah ya yi ni da wasiwasi. Ni ne mai kulle ƙofa, in kai bakin lungu, in dawo in girgiza kwaɗon. Ni ne mai sake alwala don ban tabbata na wanke gwiwar hannu ba. Saboda haka maganar tambarin nan ta zauna mini a zuciya, ina ci ina tunaninta, ina ɗinki ina tunaninta. Abokina tela, wanda shagonsa ke jikin zaurenmu, ba ya kira na da komai sai Sarkin Wasiwasi.

Wata sallah ƙanena ya zo gida daga Kaduna, inda yake aikin kwamfuta. Ya kawo mini wata tsohuwar kwamfuta irin mai murfi, wadda ake naɗewa kamar littafi. Ya ce ya sa mata wani tsari da ba irin na shagunan buga takardu ba, wai shi ya fi dacewa da tsofaffin injuna. Ya koya mini yadda ake jan layi da maus, abin nan da ake turawa a kan tebur kibiya ta bi shi. Ya nuna mini abin gogewa. Ya nuna mini inda ake dannawa a adana aiki.

Ban iya kwatanta muku murnar da na yi ba. Na shafe makonni ina zana aska, ina zana dagi, ina gogewa ina sakewa. Layi ya karkace, ka gyara ba tare da ka ɓata yadi ba. Ka ƙara wa zane girma har ya cika gilashin, ka ƙara wa layi kauri har mai raunin ido ya gani. A nan ne tunanin ya zo mini: ai Baffa ba sai ya riƙe alƙalami ba, ya nuna kawai, ni in ja.

Da na kai masa maganar sai ya ce, "Talabijin ne zai riƙe zanen babana?"

Na ce, "Baffa, ba talabijin ba ne."

"Yana da gilashi?"

"Yana da shi."

"Yana cin wuta?"

"Yana ci."

"To talabijin ne."

Na yi ta bibiyarsa har ya gaji da ni. Ranar da ya yarda ya ce, "Zama ɗaya zan yi. In abin nan ya yi mini wasa, kar ka ƙara kawo mini zancensa." Duk wanda ya san Baffa ya san ba ya maimaita magana, ba ya kuma janye ta.

Ranar da muka sa, tun da hantsi na share zaure, na shimfiɗa masa buzunsa a inda hasken rana ke shigowa. Na ɗora kwamfutar a kan ƙaramin teburi. An ɗauke wuta tun safe, amma batir a cike yake. Baffa ya zauna, ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya ɗauki tsinke yana nunawa.

"Daga nan za ka taso. Hau. Hau dai. Yanzu karya dama. Bi ta ƙarƙashi, ba ta sama ba. Kai, gaggawar me kake yi?"

Ina ja, zuciyata fari tas. Ina kallon abin da tun ina yaro rabona da ganinsa yana fitowa a gabana kaɗan-kaɗan. Da muka kai dagin tsakiya, Baffa ya lumshe ido, yatsansa yana yawo a iska shi kaɗai, sannan ya buɗe ido ya ce, "Ta hagu." Abokina ya ji shirunmu ya yi yawa, ya bar kekensa ya leƙo. Da ya ga gilashin sai ya cire hula ya zauna, bai koma shago ba.

Ƙanena ya sha gaya mini in riƙa adanawa ina cikin aiki. Ban yi ba. Na taɓa danna wani wuri a kusa da inda ake adanawa komai ya rufe, tun daga ranar nake tsoron gefen. Ban da haka, a wurinmu ba a ƙulle zare sai an kai ƙarshen layi, kuma wannan zanen gaba ɗayansa layi ɗaya ne. Na ce a raina in an gama sai in nutsu in danna a hankali.

Layin ya dawo inda ya taso daidai lokacin da aka kira azahar. Baffa ya ce, "Naɗe aikinka, mu je." A gidanmu ba a barin aiki a buɗe a tafi masallaci. Riga ce, hula ce, sai an naɗe an rufa. Ban yi wani tunani ba, na rufe murfin kwamfutar, na yafa mata ƙyalle, muka fita. A cikin sallar nan ma, Allah ya yafe mini, tambarin nake gani a kan tabarma.

Muka dawo, na yaye ƙyallen, na ɗaga murfin.

Kamar an sa almakashi an yayyanka riga, an ba makaho ya haɗa. Rabin da'irar ya koma sama, wani yanki ya maimaita kansa a gefe, dagin ya tsage gida-gida. Ga wasu baƙaƙen layuka a tsaitsaye, ga rubutun Turancin da ke saman gilashin ya sauko ya hau kan zanen. Na motsa maus, sai kibiyar ta riƙa barin sawunta duk inda ta bi.

Baffa ya matso da fuskarsa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Wannan mene ne?"

Sai na ga ya fara laluben sandarsa.

Abokina ya ce, "Matsa, Sarki. Ai abin a fili yake. In ɗinki ya karkace me ake yi masa? Warwarewa ake yi. Mu share dattin nan, na kirkin ya fito."

Kafin in ce wani abu ya karɓe maus ɗin. Da ma na taɓa nuna masa abin gogewa, ina fariya. Ya fara murzawa ta ƙasan gilashin, ta hagu. Inda ya murza ya yi fari.

"Ka gani? Yana fita."

Maganarsa ta yi daidai da duk abin da na sani a sana'a. Ni ma in riga ce haka zan yi. Amma cikina ya ƙi yarda. Na cafke wuyan hannunsa.

"Bari in tambaya tukuna."

"Kai komai sai ka tambaya. Ko ruwa za ka sha sai ka tambayi randa ko ta yarda."

"Na ji. Bari in tambaya."

"To kashe ta ka kunna mana. Wayata in ta yi hauka haka nake yi mata."

Na ce masa ban adana ba. Ya dube ni, ya saki maus ɗin a hankali, ya ce, "Innalillahi." Wannan karon bai yi mini ba'a ba, kuma hakan ya fi ba'ar tsorata ni.

A gefen kwamfutar akwai wata 'yar fitila da ke nuna batir. Ta koma ja, tana ƙiftawa. In ta mutu, zanen ya tafi. In Baffa ya fita daga zauren, shi ma zanen ya tafi. Na kira ƙanena, wayar ta yi ta ƙara bai ɗauka ba. Baffa ya miƙe, ya sa takalmi ƙafa ɗaya.

Na ce, "Baffa, don Allah ku ɗan dakata."

"Na gaya maka zama ɗaya."

Abokina ya yi wuf ya tsaya a bakin ƙofa, ya durƙusa kamar mai gaisuwa. "Baffa, ai zaman bai ƙare ba, salla ce ta raba shi biyu. Ku zauna. In abin nan ya ƙi gyaruwa, ni da kaina zan kai shi kasuwa in musanya muku da faranti, ko goro a riƙa zuba muku."

Baffa bai yi dariya ba, amma bai sa ɗaya takalmin ba. Ya tsaya dogare da sanda.

Na sake kira, ƙanena ya ɗauka. Na kwashe komai na gaya masa a birkice, ina haɗa farko da ƙarshe.

Ya ce, "Yaya, a hankali. Ka adana?"

Na kalli fitilar batir.

"Yaya."

"Zan yi ne in an gama."

Na ji ya ja numfashi. "To. Kar ka kashe ta. Kar kuma ka goge komai."

"An ɗan goge."

"Wa ya goge?"

"Telan nan."

"Ka ce masa ya zauna a kan hannayensa."

Na sa wayar a amsa-kuwwa don kowa ya ji. Ƙanena ya ce zanen yana nan lafiyarsa ƙalau a ciki, fuskar ce kawai ta rikice da aka rufe murfi aka buɗe, tsofaffin injuna suna yin haka. Ya ce kamar mutum ya leƙa randa bayan an jefa moɗa, ya ga hancinsa a kunne. Ruwan ne ya motsa, fuskarsa tana inda take. Abin da za mu yi shi ne mu umarce ta ta sake shimfiɗa fuskar daga farko. Kalma ɗaya ce za a rubuta mata.

Ya sa na danne maɓallai uku tare. Ya ce wani baƙin akwati zai fito, wanda a cikinsa ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye. Akwatin ya fito, amma shi ma a yage, rabinsa a nan rabinsa a can. Ya ce in danna harafin farko. Na danna. Ban ga komai ba.

"Ba na ganin abin da nake rubutawa."

"Ba sai ka gani ba. Ita tana karɓa."

"In na yi kuskure fa?"

"Za ta ce ba ta gane ba, sai mu sake."

"Ka tabbata ba za ta share ba?"

"Yaya, batir."

Ku fahimce ni. Ni mutum ne da in na rubuta saƙon gaisuwa a waya sai na karanta shi na sake karantawa kafin in tura. Yanzu an ce in rubuta kalmar Turanci da ban taɓa ji ba, a wurin da ba na gani, kuma zanen kakana yana rataye a kanta. Yatsana ya tsaya cak a sama, ya ƙi sauka.

Sai na ji muryar Baffa daga bayana. "Ka daina kallon gilashin. Kalli yatsanka."

Ban san lokacin da ya dawo kusa ba. Na sunkuyar da kai. Haruffan da ke kan maɓallan suna nan daram, babu wanda ya motsa daga wurinsa. Ƙanena ya ce in danna na gogewa tukuna don mu faro da tsabta, sannan ya shiga kira mini ɗaya bayan ɗaya. Na farko shi ne alamar nan da malamin lissafi ya saba sa mini da jan biro, saboda haka ban sha wahalar gane shi ba. Kalmar ita ce xrefresh. Har yanzu ban san yadda ake faɗinta ba, amma ko daga barci aka tashe ni zan rubuta ta. Duk harafin da ya kira, sai in maimaita, abokina ya nuna da ido don hannayensa suna ƙarƙashin cinyarsa, ni kuma in danna.

"Yanzu babban maɓallin nan na dama. Sau ɗaya."

Na yi bisimilla na danna.

Gilashin ya yi wal, kamar an kama riga ta kafaɗu an kaɗe ta. Baƙaƙen layukan suka ɓace. Rubutun Turancin ya koma sama inda yake. Baƙin akwatin ya haɗe ya koma gefe guda, ga kalmar da na rubuta a cikinsa, harafi bai ɓace ba. A bayansa kuma ga tambarin nan zagaye, dagi a tsakiya, layi yana hawa yana sauka yadda Baffa ya faɗa.

"Ya dawo!"

Ni na faɗa, kuma ban san muryata tana kai haka ba. Na miƙe zumbur, wayar ta faɗi kan buzu, gwiwata ta bugi teburin, abokina ya tare kwamfutar da ƙirjinsa. Matata ta aiko daga cikin gida a ji ko lafiya. Ina dariya, ina hamdala, ina nuna gilashin da hannu biyu kamar ni na ƙera shi. Daga ƙasa muryar ƙanena tana ta cewa, "Yaya, adana. Adana tukuna. Ina jin ka, danna."

Na danna, komai bai rufe ba. Na sake dannawa don in tabbata. Abokina ya ce, "To, Sarki ya samu sabon kwaɗon girgizawa."

Sai da hankalina ya dawo na lura. Ta ƙasa, ta hagu, akwai wani farin gurbi kamar faɗin yatsu biyu, inda layin ya yanke. Daidai inda abokina ya murza. Duk hargitsin da ya tsorata mu bai taɓa zanen ba ko kaɗan. Ɓarnar gaske ɗaya ce, ita ce wadda muka yi da sunan gyara. Da na bar shi ya ci gaba da sharewa, da mun goge tambarin da hannunmu muna murna datti yana fita.

Abokina ya sosa ƙeya ya ce, "Wannan ai taga na buɗe masa, ya riƙa shan iska."

Ƙanena ya fara bayanin cewa akwai yadda ake dawo da abin da aka goge. Baffa ya katse shi. "Ka ce masa ya bari. Na san abin da ke wurin."

Ya cire takalmin, ya zauna a kan buzu, ya ajiye sanda. Na miƙa masa tsinkensa, ya ture. Ya ce in riƙe maus ɗin. Na riƙe. Sai ya ɗora hannunsa a kan nawa. Tun safe bai yarda ko gefen teburin ya taɓa ba. Hannun yana rawa, amma da ya samu nawa ya dafa sai rawar ta ragu. Ya tura, na bi shi. Layin ya taso daga bakin gurbin, ya sunkuya ta ƙarƙashin ɗan'uwansa, ya lanƙwasa, ya haɗe da ɗaya bakin. Bai ɗaga hannun nan da nan ba. Ya ce, "Talabijin ɗin naka yana da kunya, an yi masa magana ya ji." Na adana. Ba a jima ba batirin ya mutu.

Daga baya na kai aka buga mini zanen a takarda, na kwafe shi a kan yadi, na zauna na ɗinka shi da zaren tsamiya. Ya ci mini watanni. Kafin in gama, idon Baffa ya rufe gaba ɗaya. Na kai masa rigar na shimfiɗa a cinyarsa. Ya laluba har ya samu inda layin ya taso, ya ɗora yatsa, ya shiga bi. Yatsan ya hau, ya sauka, ya shiga dagi ya fito, ya zagayo har ya dawo wurin farko. Ya ce, "Shi ne."

Wasiwasi dai bai bar ni ba, kar ku zaci na warke. Jiya ma sai da na koma na duba ƙofa. Amma tun daga ranar na koyi wani abu da nake amfani da shi ko ba a gaban kwamfuta ba. In na ga al'amari ya dagule a idona, ko magana ce aka kawo mini a birkice, ko wani nawa ya canza mini fuska, ba na saurin kai hannu in gyara. Nakan fara tambayar kaina: abin ne ya lalace, ko yadda nake ganinsa ne ya rikice? Sau da yawa na biyun ne.

Baffa ya rasu, Allah ya jiƙansa. Tambarin yana kan riguna da dama yanzu, a cikin birni da wajensa. In na hango shi a jikin wani a masallacin Juma'a, idona ba ya zuwa ko'ina sai ƙasa ta hagu, wurin da hannunsa ya ja nawa. Wanda ya sa rigar bai san akwai wani abu a wurin ba, ni kuma ban taɓa tsayar da kowa na gaya masa ba.